Ƙafar Bahago a Kan Kwali

Mahaifina bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma. Amma shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran takalman tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, kuma in ka ji shi yana ba da labarin gasa sai ka rantse da shi aka zura ƙwallayen. 'Yan wasa suna kiransa Baba Shumeka. Ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo a babban filin wasa, ɗan ƙuƙut, rufinsa a karkace, dogon mutum sai ya sunkuya in ya matsa ciki. Akwai benci, da ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, da basilla, da zare, da magagari, sai warin gam wanda ba ya barin rigarsa ko an wanke ta sau uku. Mama takan ce ba ta buƙatar jin sallamarsa, hancinta ne ke gaya mata ya shigo layinmu.

Tawagar yara kamar ajin makaranta take. A tara su, a horar da su, su je gasa, kafin ka gama haddace sunayensu shekaru sun kore su, an kawo wasu. Koci ma ba ya daɗewa, in an ci shi sau biyu sai a nuna masa ƙofa. Baba ne kawai ba ya motsawa, shi da bencinsa.

Yana da tsarin aikinsa da ba wanda ya koya masa. Ranar da sabon yaro ya shigo sansanin horo, kafin a ba shi riga sai ya bi ta ɗakin Baba. Zai cire takalmi, ya taka kwali, Baba ya durƙusa da fensir ya zagaye ƙafar, dama da hagu, ya rubuta laƙabin yaron da kwanan wata. Bayan wata uku a sake. Dalilinsa shi ne ƙafar yaro ba ta jiran gasa, takalmin da ya yi masa daidai a wasan share fage sai ya matse shi ranar da aka fi buƙatarsa. Kwalayen nan bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Yana ɗaure na kowace tawaga da igiya, ya jera su a kan kanta. Mama ta ce wasu mazan suna tara filaye, nata mijin ƙafafun 'ya'yan mutane yake tarawa.

Da ƙafa yake riƙe tarihin tawagar. A zamaninsa sau tara suka je gasar duniya. Sau huɗu tun a rukuni aka koro su, kuma biyu daga ciki Baba yana kiransu shekarun masu faffaɗan tafi, wai yaran sun iya tsayuwa amma ba su iya juyi ba. Sau biyu sun tsaya a zagayen 'yan takwas. Sau ɗaya sun zo na uku da wani gola mai ƙafa lamba arba'in da shida, wanda sai da Baba ya farke takalminsa ya ƙara masa fata. Sau biyu sun kai wasan ƙarshe, suka ci ɗaya, aka ci su ɗaya. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa bin su ba. Iyakarsa bakin motar da za ta kai su filin jirgi, ya ɗaga hannu, ya koma ya share ɗakinsa.

A saman kantar, bayan kwalayen, akwai wani gwangwanin madara babba, fentinsa ya koɗe. Tun ina ƙarama in na kai masa abincin rana nake ganinsa. Sau ɗaya na taka benci na girgiza shi, ya yi kacau-kacau, sai Baba, mutumin da ko kaza ba ya daka wa tsawa, ya ce mini, "Uwata, sauko." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi. Muryar da ya faɗe shi da ita ta sa ban ƙara kusantar gwangwanin ba. Sai da na kai shekara ashirin da tara, makon da zai ajiye aiki, na je taya shi kwashe kaya, ya sauko da shi da kansa, ya ajiye a tsakaninmu, ya buɗe. Ƙusoshi ne na ƙarfe, dogaye, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙasan takalmin ƙwallo don su kama ƙasa. Baba haƙora yake ce musu. Sababbi ne fil, ba su taɓa taka ciyawa ba. Ya ce in zauna.

Shekara goma sha tara ke nan da aka ci mu a wasan ƙarshe, kuma duk wanda ya isa hankali a lokacin ya san yadda aka yi. Akwai wani yaro mai buga ƙwallo da hagu, ana ce masa Bahago, ɗan shekara goma sha shida, siriri, ba ya son magana. Ƙwallo biyar ya ci a gasar. An tashi wasan ƙarshe ɗaya da ɗaya cikin ruwan sama, aka tafi bugun fanareti, na ƙarshe ya faɗo kansa. Ya taho a guje, ya kafa ƙafar dama, ƙafar ta zame, ya faɗi zaune, ƙwallo ta tashi sama kamar an aike ta. Ina da shekara goma, a falon maƙwabcinmu muka kalla da rana tsaka, kuma na tuna wani mutum ya cire hularsa ya jefi talabijin.

Abin da ban sani ba shi ne abin da Baba ya gaya mini a ranar. Filin da yaran suka yi horo a gida busasshe ne, ƙasar kamar siminti. Dogayen haƙora ba sa shiga irin wannan ƙasa, sai su riƙa tokarin tafin yaro. Don haka Baba ya sa wa kowa gajeru. Bahago kuma yana fama da ciwon diddige a ƙafar dama, saboda haka nasa na dama Baba ya sa magagari ya ƙara rage su, har suka kusa zama sumul. Yaron ya ji daɗi, ciwo ya lafa. Dogayen kuwa, na ranar ruwa, Baba ya zuba su a gwangwani da 'yar sifanar ɗaure su, da niyyar ya damƙa wa koci hannu da hannu, ya ce masa in hadari ya haɗu a canja wa kowa, a fara da Bahago.

Mutumin da kullum yake ce wa yara ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne ranar tafiya wani ɗan baya ya kawo masa takalmin da ya ɓalle, ya duƙufa yana ɗinki har direba yana danna hon. Mota ta tashi, ya ɗaga hannu, ya dawo zai share ɗaki. Yana ɗaga kwalayen da ke kan benci sai ga gwangwani.

"To ai sai ka aika musu," na ce.

"Akwai hanya," in ji shi. "Bayan sati biyu manyan hukumar ƙwallo suka bi su. Na ɗauki gwangwanin na je har ƙofar ofis. Na tarar ana wanke wani ma'aikaci tas don ya manta da wata takarda, ana ce masa gobe kada ya dawo. Na tsaya a baranda. Na tambayi wani akawu yaya yanayi yake a can ƙasar, ya ce ai rani ne. Na riƙe maganarsa kamar shi ke saukar da ruwa. Na juyo da abina."

Wasa shida ba a yi ko yayyafi ba. Ruwan sai ya jira na bakwai. Ya sauko saura sa'a ɗaya a fara, aka buɗe akwatin kaya ba a ga komai ba, koci ya ce a buga haka. Da suka dawo ba wanda ya ta da zancen haƙora, don duk wanda ya ta da shi za a tambaye shi ina yake aka tafi babu su. An riga an sami wanda za a ɗora wa, kuma yaro ne, ba shi da baki. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan wani ne ya ja, wani ya sha dukan.

Sunan Bahago ya ɓace, ya koma Santsi. A kasuwa, a tasha, in wani ya zame a bakin famfo sai a ce ya yi Santsi. Har waƙa yara suka yi masa, kuma ni ma na rera ta, ina tsalle a tsakar gidanmu, Baba yana zaune yana ji. Yanzu na gane dalilin da ya sa ya tashi ya fita ranar bai gama cin abinci ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yaron ya buga wa wata ƙaramar ƙungiya shekara ɗaya, duk filin da ya shiga sai a ɗauki waƙar, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Bayan shekara shida wata tawagar ta ɗauko kofin. Aka zagaya da shi gari, aka kawo shi har ɗakin Baba, yaran suka ɗora masa a cinya aka ɗauki hoto. Hoton yana falonmu. Kowa a ciki yana dariya, shi kuwa kamar an ba shi riƙon jaririn da bai san uwarsa ba. Tun daga waccan shekarar ta ruwa, da hannunsa yake saka haƙoran ranar ruwa a jakar kowane yaro, ya sa yaron ya ɗaure ya kwance a gabansa sau biyu. Masu horarwa da yawa sun yaba masa wannan tsantseni, ba su san inda ya samo shi ba.

Gaskiya raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Ni na gado zafin Mama. Na ce masa, "Baba, shekara goma sha tara? Kai da ka yi mini faɗa don na ce ƙanwata ce ta fasa kofi?"

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Shekarar farko tsoron kora ne, kuna ƙanana. Daga baya kunya. Daga baya kuma na ce ai ya wuce, tono shi ƙarin ciwo ne. Duk ƙarya nake wa kaina. Yanzu ga shi zan miƙa makulli, ba ni da inda zan ajiye gwangwanin nan. Gidana ba zai shiga ba."

"Me kake so a yi?"

"Na san inda yake. Na daɗe da sani. Kafinta ne a bayan tashar manyan motoci. Sau uku ina zuwa bakin layin ina juyowa. Ki raka ni, Uwata. In kina wurin ba zan juyo ba, don na san bakinki."

Da muka gaya wa Mama, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ni dai na san akwai abin da kake ci kai kaɗai, ban san ƙusa ba ce." Ta shiga ɗaki ta fito masa da rigarsa mai kyau, ta goge, ta ce in zai je a zage shi ya je a mutunce.

Washegari da hantsi muka tafi. Muka biya ta filin wasa ya ɗauki gwangwanin, ya kwance ɗaurin kwalayen waccan shekarar, ya zaro ɗaya ya sa a jaka. Na tambaye shi na mene ne, ya ce shi ma bai sani ba, na Bahago ne dai.

Shagon rumfar kwano ne mai faɗi, ƙofofin da ba a gama ba suna jingine a bango, garin katako ya rufe ƙasa. Wani mutum kakkaura mai ɗan tumbi yana goge katako, fensir a maƙale a kunnensa. Da a hanya na gan shi ba zan ce shi ne siririn yaron nan na talabijin ba. Baba kuwa ƙafarsa ya fara kallo.

"Bahago," in ji shi.

Mutumin ya tsaya cak. Ina jin an daɗe ba a kira shi da sunan ba. Ya juyo, ya ƙura ido, sai fuskarsa ta saki. "Baba Shumeka? Kai ne? Ikon Allah. Sannu da zuwa, Baba." Ya rusuna ya gaishe shi, ya kaɗe wani benci da hannun rigarsa, ya ɗebo mana ruwa. Ya tambayi gida, ya tambayi ɗakin nan na ƙarƙashin matakala ko har yanzu yana buge wa mutane kai. Wannan murnar tasa ta fi zagi yi wa Baba nauyi. Na ga ya fara kallon hanya, sai na taka masa ƙafa.

Ya fito da gwangwanin ya buɗe a kan teburin aiki. Ya faɗi komai yadda ya gaya mini, bai rage ba, har tsayuwarsa a baranda da maganar akawu. Bai ce ƙaddara ba ko sau ɗaya, kuma na ji daɗin wannan. Ya ƙare da cewa, "Ba ƙafarka ce ta ci amanarka ba, ɗana. Ni na goge haƙoran takalminka na dama da hannuna. Ko wane ne ya taka jiƙaƙƙiyar ciyawa da takalmin nan a guje sai ya faɗi. Na sani, na yi shiru, na bar ka da shi."

Bahago ya miƙa hannu cikin gwangwanin. Ya ɗauki haƙori ɗaya yana juya shi a tsakanin yatsunsa. A waje wata babbar mota tana ta ƙoƙarin juyawa, ana buga mata jiki ana cewa ta zo, ta zo. Har ta gama ta tafi bai ɗago ba.

"Ka san me na ɗauka?" in ji shi daga baya, a hankali. "Lokacin da na ajiye ƙwallon, gwiwata tana rawa. Ni kaɗai na sani. Da na faɗi sai na ce tsoro ne ya kayar da ni. Da mutane suka ce Santsi ban ji haushinsu sosai ba, don ni abin da nake kiran kaina ya fi nasu muni. Mu da muka tashi muna buga ƙwallo a kan tsakuwa ba takalmi, ina muka san wani dogon haƙori da gajere? An ba ka takalmi ka gode Allah."

"Kowa gwiwarsa tana rawa a wurin nan," in ji Baba. "Ba ta kayar da mutum."

"Mahaifina ya rasu bai ƙara kallon ƙwallo ba. 'Ya'yana ban taɓa saya musu ko ta roba ba. Babban yana so, a ɓoye yake bugawa, yana tsammani ban sani ba." Ya ajiye haƙorin. "Da ka zo a shekarar, Baba. Ko a shekara ta biyar."

"Da na zo."

Na yi tsammanin zai tashi ya kore mu, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Baba dai ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ya buɗe jaka ya zaro kwalin ya miƙa masa. Ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya lanƙwashe, amma zanen fensir yana nan, ƙafa biyu, da rubutun Baba a ƙasa, Bahago, da kwanan watan da ya rage sati uku su tafi.

Bahago ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Sai ya share garin katako da gefen ƙafarsa, ya shimfiɗa kwalin a ƙasa, ya zare takalminsa na dama, ya taka. Ƙafar ta rufe zanen ruf. Yatsun sun wuce layi, tafin ya malalo ta kowane gefe, ko alamar fensir ba a gani. Ya ɗaga, ya sake kallon zanen, ya sake takawa.

"Wannan ai ƙafar yaro ce," in ji shi.

"Yaro ne," in ji Baba.

"Ɗana ya kusa cika wannan." Bahago ya ɗauke ƙafarsa daga kan kwalin. Ya zauna a kan benci, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ɗauki kwalin ya ɗora a gwiwa, yana bin layin da babban yatsansa. "Shekara goma sha tara ina zagin yaron nan. Da wani ne ya zagi ɗana haka, da mun kwana a ofishin 'yan sanda."

Ni da na zo don in tsare Baba kada ya gudu, ni ce na juya ina kallon ƙofofin da ke bango, don idona ya cika. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar waƙar nan da na rera.

Baba ya ce, "Na zo ne ka yafe mini, in za ka iya."

Bahago ya share fuska da tafin hannu. Ya kalli Baba, ba da fushi ba, ba kuma da murnar ɗazu ba. "Baba, in na ce maka yau na yafe, ƙarya na yi, kuma ƙarya ta ishe mu haka. Ka ba ni lokaci. Bari in fara da wannan yaron tukuna."

Baba ya gyaɗa kai. Bahago ya miƙe ya ɗauki guduma da ƙananan ƙusoshi huɗu, ya kafe kwalin a jikin katakon da ke saman teburin aikinsa, daidai inda idonsa zai riƙa sauka. Gwangwanin kuma ya rufe shi, ya tura ƙarƙashin tebur, bai ce mu ɗauka ba.

Muna shirin tashi sai idon Baba ya faɗa kan takalmin da aka zare, yana kife cikin garin katako. Maɗaurinsa ya tsinke, an riƙe shi da waya. Shekara talatin da ɗaya ba ta barin hannun mutum a rana ɗaya. Ya duƙa ya ɗauka, ya juya shi, sannan ya tuna inda yake, ya tsaya da shi a hannu yana kallon mai shi.

Bahago ya dube shi, ya dubi takalmin. Ya jawo bencin da ƙafa zuwa inda haske ya fi, ya koma kan katakonsa. Baba ya zauna, ya laluba aljihun rigarsa mai kyau, ya fito da basilla da zare.